Kiran Kati

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ka ce mata ban manta da alkawarin zuwa ba, shago ne ya riƙe min ƙafa.

Na san za ka yi mamakin karɓar takarda daga hannun direban da ke kawo mana kwalayen katin wasa, alhali ga waya. To waya ɗaya ce a shagon, kuma kunnen abokinka, wato mijina, ya yi kaifin da ko raɗa na yi a bayan kanta sai ya tambaye ni da wa nake magana. Takarda ce kaɗai abin da zan shimfiɗa a gabansa bai san me ke ciki ba. Na san ka fara gane inda na dosa.

Yaya, idon mijina yana tafiya. Mutumin da kuka laƙaba wa Shaho saboda tun daga bakin ƙofa yake hango katin jabu a hannun mai sayarwa, yau fuskata ma sai ya karkata kai yake kallonta ta gefe. Likita ya ce tsakiyar ganin ne ke mutuwa, gefe-gefen yana nan. Yana ganin ƙofa da tebur da tsayuwar mutum, amma rubutun kati da zanensa sun dagule masa. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa ba, har kai, musamman ma kai.

Ka san ledar da ake zura kowane kati a ciki, wadda muke ce wa riga. Ni nake zama da allura ina huda masa rigunan a kusurwa. Katin Dodon Tafki da irin hujinsa, Maƙerin Tsawa da nasa, haka har damin katin nasa duka. Da babban yatsa yake karanta abin da ke hannunsa, kuma ya fi masu ido sauri.

A gasarmu ta bayan labule ba wanda ya damu da wannan. Ka san ɗakin, tsohon siton shago ne, da fankar nan mai kuka da kujerun da ba biyu iri ɗaya. Ba hatimin kamfani, ba agogo, ba alƙali sai abokinsa Wanzami na tsallaken titi in gardama ta tashi. Wanda bai samu katin da yake so ba sai ya rubuta sunansa da biro a guntun kwali, a yarje masa. Ga surutu, duk wanda ya ajiye kati sai ya kira sunansa da aikinsa da ƙarfi kamar mai talla, har mai kemis na maƙwabta yakan buga mana bango. A ɗakin nan ne kawai nake jin dariyarsa yanzu.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne kamfani ya aiko wa tsofaffin zakaru gayyata zuwa babbar gasar hatimi ta wajenku, wadda kamfani ke buga wa sakamakonta hatimi. Ni na karanta masa da bakina, da na sani da na ce takardar talla ce. Ya amsa nan take, wai zai je ya nuna wa yaran yanzu yadda ake wasa. Direba kuma ya ce min kai ne babban alƙali bana.

Don Allah ka gaya min gaskiya, ba tare da ka shafa mata mai ba. Me ake yi wa wanda aka samu da huji a rigar katinsa? Ina jin tsoro, Yaya, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Ka ba direba amsa a hannu, kada ka kira. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Kowa lafiya, Antinki tana gaishe ki. Na yi baƙin cikin abin da ya samu Shaho, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan haƙuri.

Kin nemi gaskiya, ga ta. A gasar hatimi, alama alama ce. Hujin da aka yi ta gaba yana tasowa ta baya, don haka mai cakuɗa dami zai iya sanin katin da ke sama kafin ya ja. Ni na san ba don haka kika huda ba. Doka ba ta san wannan ba. Muna ɗaukar damin 'yan wasa mu bincika a kowane zagaye, kuma ƙananan alƙalaina da yatsa na koya musu bincike, ba da ido ba.

Wanda aka kama, ana tsayar da wasansa, a kira sunansa a lasifika, a ce an kore shi saboda maguɗi. Daga nan a aika wa duk shagon da ke da lasisin kamfani cewa kada a sake zaunar da shi a tebur. Naku shagon ma za a aiko masa. Ke za ki manna sanarwar a bango da hannunki.

Akwai ƙofa ɗaya. Ɗan wasa ya zo teburin alƙalai ya faɗa da bakinsa cewa ba ya gani. Sai mu duba hujin, mu amince da shi, mu zaunar da alƙali a gefensa ya riƙa cakuɗa masa. An sha yi, ba abin kunya ba ne. Amma dole shi ya faɗa. Matarsa ba za ta faɗa masa ba, surukinsa ma haka.

Ki kuma sani, abin da kika sanar da ni ba zan iya mayar da shi in ce ban ji ba. Ni da Shaho tebur ɗaya muka koyi wasan nan, shi ya fara nuna min yadda ake gane katin jabu, tun kafin ya san ina da ƙanwa. Duk da haka in ya shigo zaurena da damin nan bai ce komai ba, ba zan hana a bincike shi ba. Na daɗe ban ji faɗuwar gaba irin ta ranar da na karanta takardarki ba.

Ki lallashe shi ya faɗa, ko ya janye. Kin fi kowa sanin ta inda ake shiga masa.

Na bar ki lafiya.

Yayanki

*

Yaya,

Salama da gaisuwa. Na gode da amsa, ko da yake na karanta ta ne a tsaye a bayan kwalaye. Kai dai ko ta'aziyya ka rubuta sai ta fito kamar sanarwar ofis.

Na gwada. Na bari sai da ya ci abinci ya sha ruwa, sannan na ce wai na ji a bakin masu sayen kati cewa akan ba wanda idonsa ya yi rauni alƙali ya zauna kusa da shi. Ya ajiye kofin a hankali, ya ce su waye masu sayen katin. Na ce wasu ne. Har na ɗauka maganar ta wuce, sai ya ce:

"Shaho da ɗan jagora. Haka kike so a riƙa tuna ni?"

Na ce gara haka da a tuna shi da maguɗi. Ya ce bai taɓa cutar kowa a tebur ba, kuma duk wanda ya san shi ya san haka. Na ce lasifika ba ta san shi ba. Ranar ya fita shago ba sallama.

Sai na bi ta wata hanyar, kuma ina jin kunyarta. Na faki idonsa, ko in ce na faki kunnensa, na zare rigunan da na huda na sa sababbi, don in ya ɗauka ya ji ba komai ya haƙura da tafiyar. Katin farko da ya shafa ya gane. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Lalubo gwangwanin ɗinkina ya yi, ya zauna bakin taga yana hudawa da kansa, yana kai katin har kan hancinsa, yana soke yatsunsa. Da na ga jini a rigar Maƙerin Tsawa na karɓi allurar na ƙarasa masa. Don haka in ana neman mai laifi, ga ni.

Ya ce ba zan bi shi ba, wai in aka gan ni a gefensa za a ce jagora nake masa. Motar haya zai shiga shi kaɗai. Ya sa na karanta masa taswirar zauren har ya haddace inda ƙofa take da inda tebura suka fara.

Abin haushin, wasansa bai taɓa kyau kamar yanzu ba. Ranar gasarmu da ta wuce Wanzami ya kira Gadar Ƙarfe, bai rufe baki ba abokinka ya rushe masa ita, ɗaki ya kaure da shewa. Ina leƙe ta labule ina murna. Amma ko sanarwa na ji a tasha yanzu sai in ji kamar sunansa za a kira.

Yaya, zan roƙe ka abin da na san bai dace ba. Tebura da yawa ne a zaurenku. Ba za ka iya sa yaranka su bi ta wani layin ba? Rana ɗaya ce. Ya buga, ya ci ko a cinye shi, ya dawo min da sunansa.

Ka gaida gida.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Amsar roƙonki a'a ce, kuma kin san haka tun kafin ki rubuta. Ba wannan ne ya sa na tsayar da direba a bakin ƙofa har in gama rubutu ba.

Na koma kan takardarki ta farko. Kin ce a bayan labule duk wanda ya ajiye kati yana kiran sunansa da aikinsa. Yanzu kuma kin ce Wanzami ya kira Gadar Ƙarfe. Tun yaushe ake haka? Lokacin da nake wasa a ɗakin nan ba ma kira.

Auta, a gasar hatimi ba wanda ke kiran kati. Ajiyewa ake yi a yi shiru. Zauren ya cika da mutane, amma ba ki jin komai sai ƙarar leda da tari. Hujin allurarki yana gaya masa abin da ke hannunsa. Wa zai gaya masa abin da abokin karawarsa ya ajiye?

Ni da ke mun zuba ido kan hujin, mun manta da wannan. Ki binciko min wanda ya kawo kiran nan ɗakinku, da abin da aka gaya wa Shaho a kansa. Ki hanzarta.

Yayanki

*

Yaya,

Salama. Ka yafe gajeriyar gaisuwa, kaina ba ya tare da ni.

Da na karanta takardarka na bar shago a buɗe na tsallaka titi wajen Wanzami. Yana tsakiyar aski na tambaye shi wa ya fara kiran kati. Ya kashe injin, ya ce wa mai askin ya yi haƙuri, ya fito da ni waje da tawul a kafaɗa. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya tsaya yana kallon ƙasa.

Sun sani, Yaya. Su duka. Tun kafin mu je wajen likita.

Ya ce wata rana ya ajiye Macijin Gishiri, abokinka ya mayar masa da martanin da ake yi wa Gadar Ƙarfe. Aka yi dariya aka ce Shaho ya yi gyangyaɗi. Da abin ya sake faruwa ba wanda ya yi dariya. Sai Wanzami ya fara kiran katinsa da muryar wasa, kamar mai shelar dambe, Tela ya ɗauka, malamin lissafin nan ya ɗauka. Duk baƙon da ya zo, tun a bakin labule suke ja masa kunne cewa dokar ɗaki ce. Hujin ma sun daɗe da jin sa a yatsunsu in sun yanka masa dami. Ya rantse min ba su taɓa bari ya ci da gangan ba, karanta masa kawai suke yi, dukan da yake musu kuwa na gaske ne.

Na ce to shi bai taɓa tambayar dalili ba? Nan ne Wanzami ya dafe kai. Ya ce ya tambaya, tun farko-farko, kuma da alamar zargi a muryarsa. Don kada ya gane, sai Wanzami ya ce masa ai sabuwar dokar kamfani ce, haka ake yi yanzu a duk gasar hatimi, su ne ma suka makara ba su fara ba. Abokinka rabonsa da gasar hatimi tun idonsa garau, sai ya yarda.

Ka ga abin da ya sa bai ji tsoron gayyatar ba. A zatonsa zai zauna ne zaure guda yana kira masa kati.

Na ce wa Wanzami shi ya ƙulla, ya je ya warware. Ya ce ya fi son ya yi masa aski da hannun hagu ido a rufe. Na zage shi a raina, na ce ni zan faɗa. Na shiga gida na tarar da shi yana goge rigar da zai sa, yana lalubar kabu da yatsa, yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Rabon da in ji ya yi waƙa tun ranar da muka fito daga asibiti. Na buɗe baki, sai na ga abin da zan faɗa masa ba ɗaya ba ne. Zan ce masa za a yi masa shiru a can, zan kuma ce masa duk surutun nan da yake dariya a cikinsa tausayinsa ake ji. Ya juyo ya ce lafiya na tsaya masa a kai? Na ce wuyan rigar bai kwanta ba.

Ban iya ba, Yaya. Gobe da safe zai tashi. Na sa masa damin a aljihun gaba inda zai same shi. Ban ƙara roƙonka ka kau da kai ba. Ka dai tsaya kusa da teburinsa.

Ƙanwarka mai tsoro,
Auta

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na kira shago na ce miki ya kamo hanya, ban iya ƙara komai a waya ba. Ga yadda aka yi.

Na tare shi a bakin ƙofa. Ya shigo kai tsaye kamar wanda ya saba da wurin, rigarsa a goge. Na riƙe hannunsa na daɗe ban saki ba, na ce ko akwai abin da yake so ya faɗa min kafin a fara. Ya matsa tafina ya ce hannuna ya yi ƙiba, alƙalanci ya karɓe ni. Na sake tambaya. Ya ce in nuna masa teburinsa kawai.

An haɗa shi karawa da wata ma'aikaciyar jinya, matashiya mai natsuwa, wadda ba ta san shi ba. Shi ya samu fara wasa. Ya shafa kusurwa, ya ajiye, ya ɗaga murya ya kira Dodon Tafki da duk aikinsa, har da jan sautin nan na Wanzami. Zauren gaba ɗaya ya waiwayo. Wasu yara suka yi dariya. Shi bai damu ba, ya ɗauka sunansa suka gane.

Ita kuma ta ajiye nata ta naɗe hannu.

Ya jira. Ya karkata kunne wajenta yana ɗan murmushi. Agogo yana tafiya. Ya ce mata na'am? Ta nuna katin da yatsa, don a wajenta ta gama magana. Na ga murmushin yana barin fuskarsa a hankali. Ya juya kai dama, ya juya hagu, yana sauraren sauran teburan, ba abin da ke tashi sai ƙarar leda. Babban yatsansa yana ta kai da komo a kusurwar katunan hannunsa, kuma ɗaya daga cikin ƙananan alƙalaina ya riga ya hango yatsan, ya taho.

Sai ya ɗaga hannu ya ce alƙali. Na riga yaron isa. Ya gane takuna, ya sassauta murya yadda ni da ita kawai muka ji.

"Tun yaushe aka daina kiran kati?"

Na ce masa:

"Ba a daina ba. Ba a taɓa yi ba."

Bai motsa ba. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Wanzami." Ya sake cewa, "Har da Tela." Ina tsaye ina kallonsa yana bin kujerun ɗakinku ɗaya bayan ɗaya a cikin kansa.

Yaron ya iso ya nemi damin. Ya ba shi ba musu. Shafa ɗaya ya yi ya dube ni. Aka tambayi Shaho ko yana da bayani kan hujin. Na durƙusa a gefen kujerarsa, a gaban 'yan wasa da yarana, na ce ya faɗa, ƙofar ba ta gama rufewa ba. Ya miƙe, ya ba yarinyar haƙuri kan ɓata mata lokaci, ya nufi ƙofa. Ya bugi kujera a hanya, na kai hannu, ya kauce min.

Tunda surukina ne, na sauka daga maganar na miƙa wa mataimakiyata. Na gaya mata abin da na sani. Ta ce ta yarda da ni, amma bakina ba nasa ba ne. Iyakar abin da ta iya shi ne ta hana a kira sunansa a lasifika, ta riƙe hukuncin zuwa lokacin da kamfani zai buga hatimi a sakamakon gasar, kuma ba za su daɗe ba. In maganarsa ta iso kafin nan, daga bakinsa ko da sa hannunsa, za a rubuta ya janye saboda lalura. In ba ta iso ba, maguɗi za a rubuta, kuma ba mai gogewa.

Na bi shi har titi. Ya ƙi a raka shi. Na hango Wanzami a tsallake, ashe biyo shi ya yi tun daga gida, yana bin sa nesa-nesa har suka shiga mota ɗaya, shi a kujerar baya.

Auta, ban san wane mutum zai iso miki ba. Kada ki bar shi shi kaɗai. Ki yafe min abin da na faɗa masa, ban ga wata amsar ba.

Yayanki

*

Yaya,

Salama. Ya iso lafiya. Tun a mota ya ji ƙanshin man askin Wanzami, bai waiwaya ba. Ya shige ɗaki ya rufe baki, ni kuma ina kwana ina tashi da tsoron hatimin nan.

Yau ranar gasarmu ce. Sun zo sun zauna a bayan labule tsit, ba wanda ya ciro kati. Sai ga shi ya fito, ya ɗaga labulen, ya lalubi kujerarsa ya zauna, ya ce a ara masa dami. Wanzami ya zauna gabansa, ya ajiye kati bai ce komai ba, don bai san ko an yarda ya kira ba. Fanka kaɗai ke kuka.

Abokinka ya jira, ya jira, sannan ya ce:

"Kira katinka mana. Ba na gani."

Wanzami ya ɗora yatsa a kan katinsa ya ce Gadar Ƙarfe.

Ya ce in rubuta maganar nan yadda ya faɗe ta, ka kai wa mataimakiyarka yau. Na ba shi biro don ya sa hannu, ya kasa samun layin, sai ya ce in miƙo masa allurata. Ka shafa kusurwar takardar.

Ƙanwarka,
Auta